Katin Banki da Watan da Adashi Yake Hutawa

Shekarar da 'yata ta shiga aji biyu a kwalejin harhaɗa magunguna ce na fara riƙe katin bashi na banki. Kafin nan ko kallonsa ba na yi. Na san abokan aiki da yawa a siton kayan ginin da nake tsaro, waɗanda katin ya shiga aljihunsu yana murmushi, ya fita da barcinsu. Ni kuwa mahaifina, Allah ya ji ƙansa, tun ina riƙe alkalamin kara a gabansa ya cusa mini tsoron kuɗin ruwa, har ya zame mini kamar tsoron wuta.

Muna zaune a Hindawiyya, ni da uwar yara da 'yar tamu. A nan Jidda aka haife ta, amma iƙama take riƙe da ita kamar mu, don haka kwalejin kuɗi ta shiga, ana biya sau biyu a shekara. Na farko daga abin da muka tara yake fitowa. Na biyu, wanda yake zuwa lokacin da iska ta ɗan yi sanyi, adashi ne yake ɗauke mana shi.

Adashin nan, wanda mutanen gari suke kira jam'iyya, ya girme wa 'yata. Wata dattijuwa ce a Waziriyya take riƙe da shi, Hajiya kawai muke ce mata. Da ganin wata ake zubi, ba da kalandar ofis ba. Ni nawa shi ne in miƙa wa uwar yara kuɗin, ita ce take kaiwa, ita ta san wanda ya kwasa da wanda zai kwasa. Abin da na riƙe a kaina a shekarar ɗaya ne: bayan mai ful sai mu. Mai ful wani Bahaushen Sudan ne da yake da ɗan shago kusa da gidan Hajiya, yana sayar da wake da gurasa.

'Yar ce ta kawo maganar katin. Wata Asabar da hantsi uwarta ta tafi kasuwa, ta zo ta zauna kusa da ni da wayarta a hannu.

"Baba, kai fa kana asara."

"Asarar me kuma?"

"Kuɗin kulliyya, kwalejinmu. Kana kai musu haka nan, halas, shi ke nan sun tafi. Mahaifin ƙawata da kati yake biya, bankin ya ba shi maki, makin ya zama tikitin jirgi. Bara har Masar suka je."

"To ni me zan je yi Masar?"

"Ba kai ba, ya Baba. Ummi. Yaushe rabonta da Katsina?"

Nan ta kama ni. Surukata tana Katsina, ta tsufa, idonta ya fara dushewa. Duk lokacin da suka yi waya takan ce wa uwar yara ta zo ta gan ta tun tana iya gani. Ita kuwa sai ta ce in sha Allahu, ta ajiye wayar ta shiga kicin ta daɗe. Kuɗin jirgi kullum makaranta ce take haɗiye shi. Ba ta taɓa yi mini ƙorafi ba, wanda hakan ya fi ƙorafin nauyi.

Na ce wa 'yar zan duba, amma kada ta gaya wa uwarta. Ina so in ajiye mata tikitin a hannu in ga fuskarta.

Na ɗauki makonni ina dubawa. Ni ba mai sauri ba ne, kuma ba na karanta abu a waya in yarda da shi. Na bi bankuna na karɓo takardunsu, na zo na shimfiɗa a kan tabarma bayan la'asar. Manyan rubutun duk daɗin baki ne, da hoton jirgi da na mutum yana shan shayi a kujera mai laushi. Maganar gaskiya tana can ƙasa, cikin ƙananan rubutu. Na bi su da yatsa layi-layi, yadda aka koya mana bin sharhin da ke gefen littafi, inda malami yake ɓoye abin da ya fi muhimmanci.

Akwai wani kati mai ruwan zinari, makinsa da yawa, amma kuɗin da ake biya duk shekara don riƙe shi kaɗai ya kusa rabin tikitin. Na ajiye shi gefe. Akwai wani da ba a biyan komai a kansa, sai dai makinsa na otal ne da kantuna. Uwar yara ba otal za ta sauka ba, ɗakin tsohuwa ne zai ɗauke ta. Na ukun yana da ɗan kuɗin shekara mai sauƙi, yana kuma ba da kyautar maki mai kauri ga wanda ya kashe kuɗi da yawa a watannin farko, kuma ana iya juya makin zuwa jirgin da yake sauka Kano. Kuɗin makaranta shi kaɗai ya isa ya jawo kyautar.

Na je kwalejin da ƙafata na tambayi mai karɓar kuɗi ko suna ƙara wani abu a kan wanda ya biya da kati, domin na ji wasu makarantun suna yi, ƙarin ya cinye amfanin makin. Ya ce su ba sa ƙarawa. Na ce ya sake faɗa. Ya yi dariya ya ce, "Wallahi ya Hajj, ba ma ƙarawa."

Saura abu ɗaya, shi ne babba. Takardar ta ce in mutum ya biya bashin gaba ɗaya kafin ranar da aka yanka masa, ba a ɗora masa ko sisi. In ranar ta wuce, bankin zai saya masa wasu kaya ya sayar da sunansa, ya ɗora ribarsa a kai. Sun ce malamansu sun duba sun halatta. Ban yi musu da malamansu ba, amma kayan da ban gani ba, ban taɓa ba, ban san a wane sito suke ba, zuciyata ta ƙi zama da su. Ni mai tsaron sito ne.

Na tari limamin masallacinmu bayan sallar azahar. Dattijo ne mai sanyin magana, ya saurare ni har na gama.

"Malamai sun saɓa," ya ce. "Wasu sun ce kada ma ka sa hannu. Wasu sun ce in ka tabbata za ka biya kafin ranar, babu laifi. Kai ka tabbata?"

"Na tabbata, Malam."

"Da me?"

"Da adashi. Bayan mai ful sai mu."

"To, Allah ya sa albarka. Amma karatun yarinyar nan magani za ta riƙa ba mutane da shi. Ka tsare mata shi da tsabta."

Wannan maganar ta zauna mini. Na ƙudurta a raina cewa ko ƙwayar ƙari ba za ta shiga karatunta ba.

Katin ya zo. Na biya kuɗin makaranta da shi a farkon Sha'aban, na'urar ta yi ɗan kuka ta tofo takarda. Ranar biyan bankin ta faɗo cikin tsakiyar azumi. Mai ful ya kwashi na Sha'aban, don haka da ganin watan gaba kuɗinmu zai zo, in kai banki da sauran kwanaki a hannu. Haka na lissafa, na kuma ji daɗin kaina ƙwarai. 'Yata ta nuna mini makin a waya, sun taru kamar hatsi a rumbu. Muka riƙa kallon juna muna murmushi a kan abinci, uwarta tana cewa, "Ku biyun nan akwai abin da kuke dafawa."

Sha'aban ya tsufa. Wata Juma'a da safe na tarar da uwar yara a tsakar ɗaki da kayan azumi zube a gabanta: garin alkama na sambusa, hatsin shorba, dabino, gero da aka kawo mata daga gida don kunu. Tana ɗaure bakin leda, na ce mata a hankali, kamar ba komai ba:

"In wata ya kama, ranar nawa Hajiya take ba da kuɗin?"

"Wane kuɗi?"

"Na adashi mana. Ba mu ne a layi ba?"

Ba ta ko ɗago ba. "Mu ne. Bayan Sallah."

"Bayan Sallah kamar yaya?"

Sai ta ɗago ta dube ni. "Malam, lafiya? Yaushe aka taɓa zubi da azumi? Adashi hutawa yake yi. Kai da kanka duk shekara kake cewa alhamdu lillahi, wannan watan babu zubi."

Gaskiya ta faɗa. Shekara da shekaru ina jin daɗin watan da ba a karɓar mini kuɗi, ban taɓa tsayawa na ce watan da ba a zuba ba, ba a kwasa ba. A shekarun baya azumi yana can gaba, nesa da lokacin biyan makaranta, bai taɓa shiga tsakaninmu da kuɗinmu ba. Yana ta matsowa kaɗan-kaɗan kamar yadda ya saba, har a bana ya zo ya zauna daidai tsakanin mai ful da mu.

Na zauna a kan buhun shinkafa.

"Ka yi wani abu," ta ce. "Faɗa mini."

Na faɗa mata duka, har da tikitin. Ta riƙa juya zaren leda a yatsa. Da ta buɗe baki, ba ta fara da tikitin ba.

"Wato kai da 'yarka kun zauna kun yi lissafi da adashina, ba ku tambayi mai kai kuɗin ba."

"So na yi in ba ki mamaki."

"Ai kuwa ka ba ni."

'Yar tana bakin ƙofa, ta ce, "Ummi, Baba zai iya biyan kaɗan, sauran su raba masa wata-wata. Ƙarin ba yawa."

"Ba yawansa ba ne," na ce mata. "Na yi wa Malam liman alkawari, na yi wa kaina."

Albashina ba zai rufe ko rabi ba, ga azumi a bakin ƙofa. Kamfani ba ya ba da rance sai an bi layi mai tsawo. Uwar yara ta miƙe ta ɗauko abayarta.

"Tashi mu je wurin Hajiya. Kai za ka yi bayani, ni ba zan ɗaukar maka wannan ba."

Muka shiga mota zuwa Waziriyya bayan an sauko daga masallaci. Mun sami Hajiya a zaune tana yanka ganyen mulukiyya, wato lalo, ƙafarta ɗaya a miƙe saboda ciwon gwiwa. Muka gaisa, aka tambayi yara da mutanen gida, aka kawo shayi. Sannan na yi bayani, ina jin kunya kamar ɗalibin da ya manta haddarsa. Na roƙe ta ko za a yi zubin azumi a bana, sau ɗaya kawai.

Ta ajiye wuƙar. "Ɗana, ka san me ya sa ba a zubi da azumi?"

"Saboda hidima, Hajiya."

"Hidima ka ce, kamar ƙaramin abu. Gobe-jibi 'yan umara za su fara sauka. Kowane gida cikin mutanen nan sai ya cika da baƙi daga gida, wani ɗan ƙanin kaka, wani maƙwabcin maƙwabci, kowa da bakinsa. Ga ɗinkin yara. Akwai matar da ke cikin adashin nan da kuɗin wankau take zubi. In ce mata ta kawo da azumi saboda kai ka sayi kati?"

"A'a, Hajiya."

"Tun kafin a haifi 'yarka ake wannan hutun. Ban karya shi don biki ba, ban karya shi don rasuwa ba."

Na sunkuyar da kai. Ta fi ni gaskiya. Uwar yara ce ta matsa kusa da ita ta ce, "Hajiya, hutun a bar shi yadda yake. Musanya fa?"

Hajiya ta dube ta, ta ɗan yi murmushi. Ni ban ma san da wannan ba. Ashe a adashin, mutum biyu da ke maƙwabtaka a layi suna iya musanya wuri in dukansu sun yarda a gaban Hajiya, ko da ɗaya ya riga ya kwasa, muddin kuɗin yana nan bai taɓa ba.

"Sai dai ku tambayi mai ful ɗin," ta ce. "Ni ba na roƙa wa kowa. Na ji dai ya ce na hayar shago ne, kuma mai shagon ba ya zuwa sai Shawwal ya yi nisa."

Shagon mai ful bai fi taku kaɗan daga gidan ba. Mun same shi yana wanke babbar tukunyar nan mai dogon wuya, hannun rigarsa a naɗe. Mutum ne dogo, mai dariya da dukan jikinsa, Hausarsa tana tafe da Larabcin Sudan a gindinta. Uwar yara ta tsaya daga waje, ni na shiga.

Na fara da nisa, ina zagaye. Ya katse ni.

"Ya zol, ka zo cin ful ne ko ka zo neman aure? Faɗi maganar."

Na faɗa. Da na kai wurin da na manta adashi yana hutawa, ya saki tukunyar ya riƙe ciki.

"Kai! Malam guda, mai rubutun allo, wanda yake gaya mana ranar da wata zai kama tun kafin a gani! Azumi ya zo ya wuce ta gabanka ba ka gan shi ba?"

"Na gan shi. Ban san zai taka mini kuɗi ba ne."

Ya yi dariya har ya share ido. Sannan ya natsu, ya goge hannu a tawul.

"Kuɗin yana nan, ban taɓa ba. Amma ka ji, mai shagon nan ba ya san wasa. In Shawwal ya raba ban kai masa ba, zai sa kwado a ƙofar nan, ni da tukunyata mu koma titi."

"Da an yi zubin Shawwal, naka ne. Ba zai ko biyo ta hannuna ba, daga Hajiya sai kai."

"To halas, shi ke nan. Yarinyar nan ba ita ce take zuwa sayen gurasa tana ƙarama, tana cewa in ƙara mata mai ba? Mu je gaban Hajiya."

A gabanta aka yi. Ta tambaye shi ya yarda, ya ce ya yarda. Ta tambaye ni, na ce na yarda. Ta ce Allah ya shaida, ta koma kan mulukiyyarta. Babu takarda, babu sa hannu. Na tuna tulin takardun da na sa wa hannu a banki. Daga nan mai ful ya ɗauko kuɗin ya miƙa mana.

Ranar Lahadi da safe, tun kafin a ga watan azumi, na je na biya bashin katin gaba ɗaya. Na sa ma'aikacin ya juyo mini allon na'urarsa na ga babu saura. Da na fito na tsaya a inuwar wani gini, iskar teku tana ɗan busowa, na ji wani nauyi ya sauka daga kafaɗata. Na yi hamdala a fili, wani mai wucewa ya amsa mini da amin bai san dalili ba.

A cikin azumi na so in nuna wa mai ful godiya. Uwar yara ta soya sambusa, na haɗa da kwalin dabino mai kyau da yadin jallabiya, na kai masa da la'asar. Ya leƙa ledar ya mayar mini da ita.

"Wannan na mene ne?"

"Ihsani ne kawai."

"Bara ka kawo mini yadi?"

"A'a."

"To bana ma kada ka kawo. Ka gudo daga ƙarin banki, ka zo ka ɗora mini nawa? Rance na ba ka, ya Malam. Abin da na bayar shi zan karɓa."

Kunya ta sake kama ni, karo na biyu a wata guda, amma wannan mai daɗi ce. Ya zaro sambusa ɗaya ya ce wannan zai buɗe baki da ita don kada Hajiyar gidana ta ji haushi, sauran in kai masallaci.

Shawwal ya kama, aka yi zubi, Hajiya ta miƙa masa kuɗinsa tun mai shagon bai waiwayo shi ba. Sai a ranar na ji barcina ya dawo daidai, domin duk tsawon azumin ina tuna kwadon nan da ya ambata.

Makin kuwa, da muka zo juya shi, ya isa tafiya bai isa dawowa ba. Hoton da ke kan takardar bai faɗi haka ba. Na cika na dawowar daga aljihuna bayan wata biyu. Uwar yara ta tafi Katsina bayan aikin Hajji, lokacin da jirage suka yi sauƙi. Ta kira ni daga ɗakin tsohuwa, na ji muryar surukata tana cewa ta gane ta tun daga bakin ƙofa, ta ƙara ƙiba, Jidda ta karɓe ta. Suna ta dariya su biyu, na riƙe wayar ina sauraronsu.

Katin yana nan har yanzu, cikin aljihun jakar uwar yara yake kwana. Idan lokacin biyan makaranta ya zo, ita take fara zuwa Waziriyya ta tambayo layi, ta dawo ta ce mini ko a yi ko a bari. Zangon da ya wuce ta ce a bari, muka biya daga abin da muka tara, makin wannan karon ya wuce mu.